Ɗan Zango Mai Sunan Bajamushe

Tun makon farko da na sauka garin Greensboro na Amurka na lura cewa sunana yakan riga ni shiga ɗaki, kuma in na biyo bayansa ba a cika murnar ganina ba. Ni Awudu ne, haifaffen zangon Kumasi, baƙi wuluk kamar gindin tukunya, amma abin da ke rubuce a fasfona shi ne Awudu Hirsekorn. Sunan Jamusawa ne. A gida ba mu taɓa wahalar da harshenmu a kansa ba, Hasikon muke cewa mu wuce, kuma ban taɓa jin wani gida mai irinsa ba in ba namu ba.

Matar da ta kira ni a waya daga wani kamfanin raba kaya ta yi ta zuba mini fara'a kamar mun saba. Da na je, ta fito ɗakin jira ta kira sunan, idonta a kan wani Bature da ke zaune kusa da ni. Na miƙe. Ta dube ni, ta dubi Baturen, ta sake dubana, sai murmushin ya tsaya mata a fuska ya ƙi gaba ya ƙi baya. Aikin dai na samu, don ba kowa ke son ɗaukar kwali daga safe zuwa yamma ba, amma ban fito da murna ba. Na ce a raina, wannan suna da na ɗauko daga gida kamar tsohuwar riga, ashe a nan kaya ne.

Masaukina na farko gidan Baba Isiyaku ne, wani dattijon zangonmu da ya daɗe a garin, wanda duk ɗan gida da ya ci cacar biza yakan fara kwana a falonsa. Shi ya koya mini tuƙi irin na bin doka wanda ba mu saba da shi ba, wato ka tsaya inda aka ce ka tsaya ko babu kowa. Shi ya gaya mini in ɗan sanda ya tare ni in ajiye hannuwana a kan sitiyari in bar surutu. Shi kuma ya raɗa mini Obroni, wato Bature a bakin mutanen Kumasi, har sunan ya bi ni masallaci.

Kewar gida ba a manyan abubuwa ta kama ni ba. Kokon safe ne ya fi damuna. A zango kana buɗe ƙofa za ka ji ƙamshin kanumfari da citta daga tukunyar mai koko, a nan kuwa ka buɗe ƙofa babu abin da za ka gani sai motoci a jere da wani shiru mai sa kunne ƙara. Nakan wuni ina zagaya unguwanni da motar kamfani, in ajiye kaya a ƙofar gidajen da ban taɓa ganin masu su ba. A unguwar Irving Park akwai gidajen da in ka taka ciyawarsu sai ka ji kamar ka yi laifi. Wani lokaci in wuni cur ban yi magana da ɗan Adam ba sai karnuka, su ma ba gaisuwa suke yi ba.

A shekarata ta biyu wuƙar yanka kwali ta tsarge mini tafin hannu, aka kai ni wani ƙaramin asibiti. Ma'aikaciyar jinyar da ta zo ɗinke ni da ɗankwali a kanta, ta karanta sunana ta ci gaba da yi mini Turanci. Da allura ta shiga na ce, "Wayyo Allah na!" Sai ta ɗago ido.

"Sannu," in ji ta, da Hausar da aka koya a falo ba a kasuwa ba. "Kai Bahaushe ne? To ina ka samo wannan sunan?"

Na ce mata gado ne. Ta ce Allah ya sa gadon ya haɗa da haƙuri, don saura ɗinki. Rakiya ke nan. A Greensboro aka haife ta, iyayenta mutanen Maraɗi ne. Ba zan ja labarin ba, na dai riƙa samun dalilin komawa a duba mini hannu har bayan hannun ya warke sarai, kuma ba ta kore ni ba. Da magana ta yi nisa ta ce mini ita ba ta san wani zance ba sai wanda ya bi ta wajen mahaifinta.

Baba Isiyaku ya sa babbar riga ya kai maganata gidan mahaifin nata, Alhaji Mamman, a Pleasant Garden. Alhaji dillalin motoci ne, yana tura su gida, mutum ne mai sanyin magana wanda in ya ce "bon" ka san ya gama. Ya karɓe mu da mutunci, aka sha shayi, ya tambaye ni sallah da sana'a da iyaye. Na ce mahaifina ya rasu, mahaifiyata tana Kumasi. Sai ya ajiye kofi.

"Yaro, ban ji kowa ya faɗi sharrinka ba. Amma mu ba ma ba da 'ya sai mun san asali. Na sa an tambaya a Kumasi, an ce gidanku gidan sallah ne, sai dai daga kan kakan ubanka magana ta tsaya. Wani ya ce daga Kete kuka zo. Wani ya ce jinin Bajamushe ne. To in jinin Bajamushe ne, da aure aka same shi ko babu aure? Wannan ce tambayar da yayana zai yi mini daga Maraɗi, shi ne babbanmu, kuma ba zan ce masa ban sani ba."

Gaskiyar magana ban sani ba. Ina yaro na taɓa tambayar mahaifina, ya ce in je in ɗebo ruwa. Kete-Krachi kuwa, tsohon garin da Jamusawa suka zauna a zamanin mulkinsu, inda kakanninmu suka fito, tun kafin a haife ni ruwan tafkin Volta ya shanye shi da gidajensa da kaburburansa. Babu unguwar da za a aika mutum ya tambayi tsofaffi.

"Ka nemo mini amsa kafin azumi," in ji Alhaji. "Ba ni so in riƙe yarinya a kan abin da ba shi da tushe. Akwai masu tambaya ban da kai."

Daga ranar barci ya zama mini aiki. Na kira mahaifiyata, ta ce ita auro ta aka yi ta tarar da sunan, in tambayi Gwaggo Asabe, yayar mahaifina, ita kaɗai ta rage a cikin manya. Na kira Gwaggo, ta yi mini addu'a mai tsawo, ta tambayi sanyi, da na kawo maganar suna sai ta ce ba ta jina sosai, layin ba shi da kyau. Duk sanda na kira, layin lafiya lau yake har sai na iso wannan gaɓar.

Na koma ga waya ina laluben sunan. Abin da na gano bai wuce cewa a Jamus ɗin ma ba shi da yawa ba, sai ɗaiɗaiku a can, ɗaiɗaiku a Amurka, fuskokin Turawa waɗanda ba su haɗa komai da ni ba. A cikin wannan ruɗu ne na faɗa hannun wani mai rumfa a babban kantin gari, irin masu cewa ka ba su sunan gidanku su ba ka tarihinsa. Ya buga sunan a na'ura, ya zaro ido, ya ce ai ni ɗan manyan gida ne, kakannina mayaƙa ne masu dawaki da ganuwa. Ya buga mini hoto a takarda mai ruwan ƙasa, da garkuwa da hular ƙarfe da zaki a tsaye, ya sa a gilashi. Na biya ban ko yi ciniki ba. Mai neman asali, aka ce masa ga sarauta, ina zai tsaya tunani?

Na rungumi abin nan na kai wa Alhaji ina tafiya ina jin kaina. Ya sa tabarau ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ɗora yatsa a tsakiyar garkuwar, inda wani jan gicciye yake zaune ɓaro-ɓaro, wanda ni zakin ya hana ni gani.

"Wannan ne asalin?" ya tambaya a hankali.

Ya miƙo mini kayana da hannu biyu, ya ce in gaida Baba Isiyaku. Da na koma wajen mai rumfar ina huci, tun daga nesa na hango irin hoton nawa a rataye, zakin nan da gicciyen nan, da sunan wasu mutanen daban a ƙasa. Ko faɗan ban iya yi ba, na juya. Baba Isiyaku ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Obroni, an aike ka neman tsani ka sayo rami." Da ya ga idona ya kawo ruwa sai ya bar dariyar ya zuba mini shinkafa da wake.

Ana haka, wata safiya ina loda motar aiki na ɗago wani buhu mai nauyi da za a kai Summerfield, can arewacin gari inda gidaje ke nesa da juna, ana kiwon dawaki. Na duba sunan mai kayan, sai na ga nawa. Hirsekorn, harafi da harafi. In ba a waya ba, ban taɓa cin karo da sunan nan a kan wani mai rai da ba ɗan gidanmu ba.

Dokar aikinmu ita ce ka ajiye kaya ka ɗau hoto ka tafi. Kuma Baba Isiyaku ya sha gaya mini cewa a irin waɗannan gidajen na bayan gari baƙar fata ba ya tsayawa a ƙofa yana ƙwanƙwasawa, don mai gida yana iya fitowa da bindiga kafin ya fito da tambaya. Na ajiye buhun, na koma mota, na kunna, na kashe. Na tuna azumi yana matsowa. Na sauko na danna ƙararrawa, na ja da baya sosai, na ɗaga katin aikina sama da hannu biyu kamar mai neman afuwa.

Wata tsohuwar Baturiya ta buɗe ƙofa kaɗan, sarƙa a maƙale. Na ce mata da Turancina na zango ba wani abu nake so ba, ta dai dubi sunan da ke katin. Ta matso da ido. Ta daɗe. Sai na ji sarƙar ta faɗi.

"Ya Ubangiji," in ji ta. "Daga ina?"

A barandar gidanta muka zauna. Sunan na mijinta ne, ya rasu, ba su haihu ba. Ta ce mutanensa sun daɗe da ƙetarowa daga Jamus, kuma sunan ya yi ƙaranci har mijin nata yakan ce duk garin da suka sauka sai ya duba ko akwai wani, yawanci babu. Na nuna mata hoton garkuwar a wayata. Ta yi dariya har ta share hawaye, ta ce dangin mijinta ko jaki mai kyau ba ta jin sun taɓa mallaka, balle ganuwa. Sannan ta ce in jawo buhun da na kawo. Ta farke bakinsa ta cusa hannu ta ɗebo, ta buɗe tafinta a gabana.

Gero ne. Ƙanana ne, farare, ba irin namu sak ba, amma gero ne. Tsuntsaye take zuba wa.

Ta ce rabin farko na sunan shi ne wannan hatsin da Jamusanci, rabi na biyu kuma ƙwaya. Ƙwayar gero ke nan. Ta ce yadda mijinta ya ji daga manya, ko dai an sa wa mai noma shi ko mai sayar da shi, ko kuwa tsokana ce aka yi wa wani ɗan tsurut har ta bi zuriyarsa. Na karɓi geron na kai hanci. Ban san sanda hawaye ya zubo mini ba, don ƙamshin rumfar mai kokon unguwarmu ne ya taso mini a tsakiyar Summerfield. Na gaya mata mu wannan shi ne abincinmu, da shi ake yaye mu. Ta riƙe baki, ta ce ita duk zamanta ba ta san mutum yana ci ba.

Na yi mata tambayar da ta kawo ni, ko ta taɓa jin wani nasu ya je Afirka. Ta girgiza kai, ta ce ko kusa, kuma ba za ta ƙirƙira mini ba don in ji daɗi. Ta cika mini leda da geron, ta ce in riƙa tsayawa in na biyo, tunda masu sunan ba su da yawan da za su wuce juna a hanya. Na tafi da sanyi biyu a jikina. Na san ma'anar sunana, amma Alhaji ba ma'ana ya tambaye ni ba.

Washegari da hantsi, lokacin la'asar ta kusa a Kumasi, na faka mota a gefen wani gidan mai na kira Gwaggo Asabe. Ban tambaye ta komai ba. Na dai ce mata na gano abin da Hasikon yake nufi, ƙwayar gero, kuma an ce wataƙila ɗan ƙaramin mutum ake sa wa. Ta yi shiru, har na ɗauka layin ya koma halinsa. Sai na ji ta kori jikokinta daga ɗaki, na ji ƙarar sakata.

"Awudu, yarinyar nan kana son ta har haka?"

"Gwaggo, in na rasa ta ban san abin da nake yi a ƙasar nan ba."

"To saurara, kuma sau ɗaya zan faɗa. Babu ɗigon jinin Bature a jikinmu. Kakana, wanda ya haifi kakanka, na san shi da idona, ina 'yar yarinya yana tsoho. Yana da zane a fuska wanda duk zangon Kete babu mai iya cewa na wace ƙasa ne. Shi ma bai sani ba. Yana ƙarami mahara suka ɗauke shi, aka yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu har kasuwar Kete. Bai san sunan garinsu ba, bai riƙe sunan ubansa ba. Wani Bajamushe mai aikin fatauci ya ɗauke shi daga kasuwar, ko fansa ce ko ciniki ne Allah kaɗai ya sani, ya riƙa yi masa kiwon doki. Sai aka riƙa ce masa yaron Hasikon. Da Jamusawa suka tafi wani malami ya riƙe shi, ya musulunta, aka sa masa Abdullahi. Ranar da ya kai ɗansa makaranta aka ce sunan uban uba, ya tsaya yana kallon ƙasa. Sai ya ba da wanda yake da shi."

Na ce, "Gwaggo, to me ya sa kuka bari ana cewa jinin Bajamushe ne, har ana zargin tsohuwarmu da abin kunya?"

"Don wannan gulmar ta fi sauƙin ɗauka," in ji ta. "In an ce jikokin Bature, a yi dariya a ba ku mata. In an ce jikokin bawa, sai a yi muku fara'a a hana ku. Ubanka ya sani, ya mutu bai faɗa ba. Kai ma ka ce tsohon kuku ne mai dafa wa Bature abinci, ya ari sunan maigidansa. Garin yana ƙarƙashin ruwa, wa zai nutsa ya ƙaryata ka?"

Ban iya ƙarasa aikin ranar da hankalina ba. Na kai kayan wani gida wani gidan, aka kira ni aka yi mini faɗa. Abin da ke cina shi ne Gwaggo ta fi ni sanin mutanenmu. Na sha ji da kunnena, a zango da nan Amurka, ana cewa wane mutumin kirki ne amma a duba tushe. Ni kaina na taɓa gyaɗa kai a irin wannan hira, ban san da ni ake ba.

Rakiya na fara gaya wa, a wajen ajiye motoci na asibitinsu. Ta saurara har ƙarshe, rabi ta amsa da Hausa rabi da Turanci kamar yadda take yi in ranta ya ɓaci. Ta ce yawancin baƙaƙen da take aiki da su sunayen da suke ɗauke da su ta irin wannan hanyar suka zo, kuma babu wanda ya isa ya raina su a gabanta. Sannan muryarta ta yi ƙasa.

"Amma Awudu, Baba ba ni ba ne. Baffa na Maraɗi kuma ya fi Baba tsauri. Zai iya cewa a'a. In ya ce a'a, ba zan bi ka ba tare da albarkarsa ba, ka san wannan."

Na ce na sani. Ta ce ba za ta zaɓa mini abin da zan faɗa ba. Na so a ce ta zaɓa.

Har na shiga layin gidan Alhaji maganar kukun ce a bakina, na jera ta tsaf, har da irin miyar da yake dafa wa Baturen. Na same shi a bayan gida yana ba yakuwa da kuɓewarsa ruwa. Na durƙusa na gaishe shi. Na buɗe baki, sai na ga tsohon nan da ban taɓa gani ba a tsaye gaban malamin makaranta yana kallon ƙasa. An raba shi da uwa, an raba shi da gari, yanzu kuma ni tattaɓa-kunnensa zan raba shi da labarinsa don in yi aure. Maganar kukun ta ƙi fita. Na faɗi ɗaya gaskiyar, tun daga mahara har kasuwar Kete.

Alhaji bai daina ba shukarsa ruwa ba. Da na gama ya ce, "Wa ya san wannan?"

"Gwaggona, da Rakiya, da kai."

"Da ka ce mini wani abu daban, da ban da hanyar ganewa."

"Haka ne, Alhaji. Amma in Allah ya yi, jikokinka ne za su ɗauki sunan. Ban so ka riƙe su a hannu ba ka san na wane ne ba."

Ya kashe famfo, ya naɗe tiyo a hankali. "Bon," in ji shi. "Je ka."

Abin da ya biyo baya shi ne mafi tsawon zaman da na yi a ƙasar nan. Rakiya ta daina kira, ta turo saƙo cewa an ce ta dakata. A masallaci Alhaji yakan amsa sallamata ya wuce. Abinci ya daina shiga. Baba Isiyaku, da na gaya masa, ya ce in da shi ne da maganar kukun ya faɗa, amma daga ranar bai sake kirana Obroni ba. Har aka fara maganar ganin wata babu labari, na fara tunanin neman aiki a wata jiha, don ba zan iya zama gari ɗaya da ita in ga an kai ta wani gida ba.

Juma'ar ƙarshe kafin azumi, ina neman takalmina a ƙofar masallaci, Alhaji ya dafa kafaɗata ya ce in biyo shi mota. Muka zauna, ya rufe gilashi. Fuskarsa ta faɗa kamar wanda ya yi jinya.

"Na gaya wa Yaya yadda ka gaya mini, ban rage ba," in ji shi. "Ya ce babu hannunsa. Ya ce in na yi, kada in sake kawo masa maganar gidana. Mutumin da ya riƙe ni bayan ubanmu ke nan." Ya murza carbi. "Na kwana ina juya abin. Na nemi aibin tsohon nan naku, na rasa. Sace shi aka yi. Wanda ya sata ne ya kamata jikokinsa su ji kunya. Ni na haifi Rakiya, ni zan ba da ita. Ka ce wa Isiyaku ya zo bayan sallah."

Na kama hannunsa da hannu biyu. Ya zare hannun, ya ce in bar wannan, in gaya masa sunan tsohon na musulunci. Na ce Abdullahi.

An ɗaura auren a masallacin bayan ƙaramar sallah. Daga Maraɗi babu wanda ya kira, kuma har yau Alhaji in waya ta yi ƙara yakan duba da sauri sannan ya ajiye. Tsohuwar Summerfield ta zo da gyale aro, ta zauna cikin mata tana murmushin wanda bai san me ake cewa ba. Ni kuwa na kira Gwaggo na sa wayar a aljihun gaban rigata don ta ji.

Da aka gama sigar ɗaurin aure, liman ya ce a yi wa magabata addu'a. Sai Alhaji ya ɗaga hannu ya ce yana da wanda za a fara da shi. A gaban mutanen Maraɗi da na Kano da na zango, ya ce a karanta fatiha ga kakan angon, Malam Abdullahi Hasikon na Kete, wanda ya kafa gidansu. Jama'a suka ɗaga hannu suka shafa, yawancinsu ba su san ko wane ne ba.

Daga cikin aljihuna na ji muryar Gwaggo, siririya, tana kuka tana cewa amin, amin. Kowa ya sauke hannu ita ba ta daina ba.